Koɗewar Sararin Sama a Hoton Karkara da Yadda Ake Magance Ta

Aibin da ya fi yawa a hotunan fili da ake ɗauka a yammacin Jihar Zamfara shi ne koɗewar sararin sama. Mutum zai tsaya a bakin Gulbin Zamfara a Gummi, ko a gefen gonakin dawa tsakanin Anka da Bukkuyum, yana kallon shuɗin sama da gizagizai sun yi jere, ya ɗaga waya ya ɗauka. In ya duba sai ya tarar ƙasa ta fito sarai, amma sama fari fat kamar takardar da ba a taɓa rubutu a kanta ba. Asarar ba ƙarama ba ce, domin a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin ta wannan yanki, sararin sama ne ke cinye rabin hoton ko fiye.

Fari iri biyu

Farin da ke bayyana a saman hoto iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko daga kyamara yake: sararin yana da launinsa, amma haskensa ya fi ƙarfinta. Na biyu daga yanayi yake: sararin ne da kansa ya yi fari a wannan rana. Wanda bai rarrabe su ba zai yi ta fama da gyaran abin da ba ya gyaruwa, ko ya ɓata abin da tun farko daidai yake.

Masu hoto suna auna haske da mataki. Ƙarin mataki ɗaya shi ne haske ya ninka biyu, mataki biyu ninki huɗu, mataki uku ninki takwas. Da rana, sararin sama yakan fi ƙasa haske da mataki biyu ko uku, kuma tazarar tana ƙaruwa idan abin da ke ƙasa mai duhu ne, kamar inuwar tsamiya ko jiƙaƙƙiyar ƙasar fadama. Idon ɗan Adam ba ya jin wannan tazara, saboda yana daidaita kansa duk inda ya juya. Kyamara kuwa awo ɗaya take yi wa hoton gaba ɗaya. Idan ta buɗe ido don ƙasa ta fito, sama ya yi mata yawa.

Hoton JPEG, wanda shi ne yawancin wayoyi ke ajiyewa, yana rubuta hasken kowane ɗigo da lamba daga 0 zuwa 255 a launuka uku: ja, kore da shuɗi. A sararin sama, shuɗin ne ke fara kaiwa 255, shi ya sa launin ke fara komawa ruwan bula mai ratsin kore kafin ya ɓace. Idan ukun duka suka kai 255, ɗigon ya zama fari tas, babu sauran bayani a cikinsa. Masu sana'a kan ce wurin ya ƙone. Kamar tulu ne da ya cika: duk ruwan da aka ƙara a ƙasa yake zuba, ba wanda zai iya faɗin yawansa daga baya.

Fari na biyu yana da nasa dalilin. A 1871 masanin Ingila Lord Rayleigh ya bayyana cewa ƙananan ƙwayoyin iska sun fi warwatsa shuɗin haske a kan ja, har kusan ninki biyar, shi ya sa sararin sama ke shuɗi idan iska ta yi tsabta. A 1908 Gustav Mie na Jamus ya nuna cewa ƙwayoyi masu girma, irin su ƙura da ɗigon ruwa, suna warwatsa launuka kusan daidai wa daida, abin da ke ba da fari ko toka-toka. Wannan shi ne hazon hunturu. Daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan ƙasar Hausa. A irin ranar da ake iya kallon rana ido da ido kamar faifai, babu shuɗin da kyamara ta kasa ɗauka. Shuɗin ne babu.

Tsohuwar matsala ce

Tun farkon sana'ar hoto ake wannan fama. Sinadaran da aka fara amfani da su a ƙarni na 19 sun fi jin shuɗin haske a kan sauran launuka, saboda haka kafin ƙasa ta fito sama ya riga ya ƙone. Bafaranshen nan Gustave Le Gray ya shahara da hotunan teku da ya ɗauka a 1856 da 1857, ciki har da na gaɓar garin Sète, domin a wasunsu nagatif biyu ya haɗa, ɗaya na ruwa ɗaya na sama, ya wanke su a takarda guda. A 1927 Ansel Adams na Amurka ya ɗauki dutsen Half Dome da filta mai ruwan ɗorawa, ya ga ba za ta ba shi abin da yake so ba, sai ya sake ɗauka da jar filta, sararin ya fito kusan baƙi, dutsen ya tsaya ƙyam a gabansa. A ɗakin wankin hoto kuma, masu aiki kan kare wani sashe na takarda da hannu, su bar haske ya daɗe a kan sashen sama don ya ƙara duhu.

Waɗannan dabaru uku, wato haɗa ɗauka biyu, sa filta, da rage hasken wani sashe, su ne har yau ake amfani da su. Kayan aikin ne kawai suka koma cikin waya da kwamfuta.

Tun ran gini, ran zane

Mafi yawan gyaran sama ana yin sa ne kafin a danna maɓalli. Abu na farko shi ne lokaci. Anka da Gummi da Bukkuyum duk suna kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana tana bi ta tsakiyar kai sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, kuma a yawancin watanni tana yin sama sosai da tsakar rana. Hasken tsakar rana mai kaifi ne, yana kashe launin ƙasa, ya sa inuwa ta yi baƙi ƙirin. Daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwarta, su ne lokutan da jar ƙasa ke fitar da launinta, sama kuma ya sassauta. Da yake matsalar tsaro ta hana mutane da yawa fita daji a irin waɗannan lokuta, bakin gari, kan soro ko kan gada sun wadatar. Babu hoton da ya kai ran mutum.

Lokutan shekara ma suna da nasu rabo. A bazara, idan hadari ya haɗo daga gabas da yamma-yamma, rana kuma tana haska ƙasa daga yamma, sama yakan fi ƙasa duhu, matsalar ta juye ta zama riba. Washegarin ruwan sama iska takan yi tsabta, shuɗi ya yi zurfi. A kwanakin marka na Agusta sama yakan lulluɓe da farin gajimare bai ɗaya, wanda ke da kyau ga koren shuka amma ba shi da abin kallo. Kaka ita ce gwanar lokuta: gero da dawa sun nuna, ƙura ba ta iso ba tukuna.

Abu na biyu shi ne fuskanta. Ɓangaren sama da ke kusa da rana ya fi ko'ina fari. Wanda ya ba rana baya ko gefe zai samu shuɗi mafi kauri. A Disamba da Janairu rana tana karkata kudu, saboda haka hoton da aka fuskanci arewa ya fi samun launi.

Abu na uku shi ne awon haske. Ƙa'idar ita ce a auna don sama, a ceto ƙasa daga baya, domin wurin da ya yi duhu yana riƙe da bayani, wurin da ya ƙone kuwa ba ya riƙe da komai. A wayoyin Tecno, Infinix, Samsung da makamantansu, ana taɓa sashen sama a fuskar waya, ko a ja alamar rana ƙasa har gizagizai su bayyana. A babbar kyamara ana rage awon da rabin mataki zuwa mataki ɗaya. Jadawalin haske da ake kira histogiram shi ne alƙali a nan: hagunsa duhu, damansa haske. Idan tudun jadawalin ya manne da bangon dama, wani wuri ya ƙone. Fuskar waya ba abin dogaro ba ce a tsakiyar rana, amma jadawalin ba ya ruɗi.

Abu na huɗu shi ne tsabtar gilashi. Ƙura da maiƙon yatsa a kan idon kyamara suna watsa haske, su lulluɓe hoton da farin mayafi. Wasu hotunan waya da ake zargin hazo da ɓata su, dattin gilashi ne. A fara hure ƙurar kafin a goge da ƙyalle mai laushi, domin goge ƙura kai tsaye yana karce gilashin. Kare gilashin da tafin hannu ko hula daga hasken rana yana ƙara wa launi kauri nan take.

Idan tazarar haske ta fi ƙarfin ɗauka ɗaya, sai a koma ga dabarar Le Gray a sabon salo, wato HDR. Kyamara tana ɗaukar hoto uku ko fiye, ɗaya da duhu don sama, ɗaya matsakaici, ɗaya da haske don inuwa, sannan a haɗe su. Kamfanin Apple ya sa wannan a iPhone tun 2010, yanzu kuwa kusan kowace waya tana da shi. Sharaɗinsa shi ne kada komai ya motsa. Idan iska tana kaɗa karan dawa ko shanu suna wucewa, gefunansu kan fito biyu-biyu.

Filtar da ake ɗaura wa gilashi

Filta biyu ne ke da amfani ga sararin sama. Ta farko ita ce mai kashe ƙyalli, wadda masu sayar da kayan hoto ke kira CPL. Asalinta aikin Edwin Land ne, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Ana juya ta a hankali ana kallo, sai a ga shuɗi yana ƙara zurfi, gizagizai suna fitowa fili, ƙyallin ganye da na ruwa yana raguwa. Ƙarfinta ya fi yawa a ɓangaren sama da ke kusurwar digiri 90 daga rana. Hanyar gano wurin mai sauƙi ce: a nuna rana da ɗan ali, a miƙe babban yatsa gefe, duk inda babban yatsan zai iya nunawa idan aka juya hannu, nan filtar ke aiki. Da safe da yamma ke nan sai a fuskanci arewa ko kudu. Tana cinye haske mataki ɗaya da rabi zuwa biyu. A gilashi mai ɗaukar fili da faɗi takan bar wani sashe na sama da duhu wani da haske, don haka ba a juya ta har ƙarshe. A ranar hazo mai kauri amfaninta kaɗan ne. Duk da haka ita ce filtar da babu manhajar da ke maye gurbinta, domin ƙyallin da aka ɗauka a kan ruwan gulbi ba ya gogewa daga baya.

Ta biyu ita ce mai rabin duhu, ko GND: samanta toka-toka ne, ƙasanta garau. Ana daidaita ta yadda duhun zai rufe sama kawai, ya rage masa mataki ɗaya, biyu ko uku, gwargwadon lambar da ke jikinta, 0.3, 0.6 ko 0.9. Akwai mai yankakken baki da mai saje a hankali. Mai yankakken baki ta dace da fadamun Gummi inda bakin sama yake miƙe sambal. Inda kuka, giginya ko ɗorawa suka yi tsayi suka shiga sama, mai saje a hankali ta fi, in ba haka ba rabin bishiyar na sama zai yi baƙi, na ƙasa ya yi haske. Akwai kuma alamar wuce gona da iri: hoton sama da ke cikin ruwa kullum ya fi saman kansa duhu. Idan ruwan gulbi ya fi sama haske a hoto, filtar ta yi ƙarfi.

Filtar UV da ake yawan sayarwa tana kare gilashi daga ƙura da karce, kuma wannan amfani ne babba a hunturu, amma ba ta gyara koɗewar sama a kyamarar zamani.

Gyara a waya ko kwamfuta

Iyakar abin da gyara zai yi ya danganta da abin da aka ɗauko. Hoton RAW yana ajiye matakan haske 4,096 ko 16,384 a kowane launi, maimakon 256 na JPEG, saboda haka yakan ɓoye gizagizai a wurin da ido ke ganin fari. Duk babbar kyamara tana da shi, wasu wayoyi ma suna da shi a sashen ƙwararru. Manhajar Snapseed, wadda Google ya saya a 2012, da Lightroom na kamfanin Adobe, duka suna aiki a waya kuma suna buɗe irin wannan hoto.

Aikin yana da tsari. Ana fara daidaita hasken hoton gaba ɗaya. Sai a ja maɓallin wurare masu haske, wanda aka rubuta wa Highlights, zuwa baya. Wannan shi ne gwaji na gaskiya. Idan gizagizai suka fara fitowa, saman yana da rai. Idan farin ya koma toka shafaffe babu zane, wurin ya ƙone, kuma ci gaba da ja ƙazanta kawai zai ƙara. Bayan haka sai a ɗaga inuwar ƙasa kaɗan.

Mataki na gaba shi ne ware sama shi kaɗai. Ana iya jawo duhu daga saman hoto ya sauko yana sajewa, kamar filtar GND, ko a bar manhaja ta zaɓi saman da kanta, abin da Lightroom ya fara yi a 2021. A nan ake rage haske da rabin mataki zuwa ɗaya. Dole a kiyaye tsarin halitta: sama ya fi shuɗi a tsakiyar kai, yana ƙara fari yayin da yake saukowa bakin ƙasa, domin a can haske yana ratsa iska mai kauri. Saman da ya yi launi ɗaya daga sama har ƙasa kamar fentin bango yake fitowa.

Wajen launi, kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara wa hoton duka kaurin launi. Jar ƙasa sai ta koma kamar manja, ganye kamar roba. Abin da ya fi shi ne a zaɓi shuɗi kaɗai a rage masa haske, sai ya yi zurfi ba tare da ya yi ihu ba. Maɓallin kore hazo da Adobe ya fito da shi a 2015, mai suna Dehaze, yana taimakawa idan hazon siriri ne, amma kaɗan ake taɓa shi, domin yana jawo duhu da ɗigo-ɗigo.

Kafin a ajiye, a faɗaɗa hoton a duba abu uku. Na farko, farin zobe a gefen abubuwa. Rassan kuka da rani, lokacin da ta zubar da ganye, da hasumiyar masallaci da wayoyin lantarki, su ke fara tona asirin gyaran da ya yi yawa. Na biyu, sama ya rarrabu layi-layi maimakon ya saje, wanda ke faruwa idan aka matsa wa JPEG. Na uku, baƙaƙen ɗigo na ƙurar da ta shiga cikin kyamara, waɗanda a sama suke fi bayyana. Shi ya sa ba a canza gilashi a fili lokacin iskar hunturu. Idan za a tura hoton ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin turawar yau da kullum tana matse shi, kuma sama ne ke fara lalacewa.

Idan saman ya ƙone ƙurmus, hanyoyi uku suka rage: a yanke hoton a bar ɗan siririn sama, a mayar da shi baƙi da fari inda farin sama ba ya zama aibi, ko a koma wurin a sake ɗauka.

Iyakar gyara

Akwai hanya ta huɗu, wato a cire saman a liƙa wani. Manhajar Luminar ta sauƙaƙa wannan a 2019, Photoshop ya bi sahu a 2020, yanzu wayoyi da yawa suna yi da taɓawa ɗaya. A hoton ado, na talla ko na bangon ɗaki, babu laifi muddin ba a ce wa mai kallo haka wurin yake ba. Ko a nan ma ana gane aro cikin sauƙi: inuwar ƙasa ta faɗi gabas alhali hasken girgije daga gabas yake, ko gizagizan damina sun rataye a kan ƙasar da ta bushe ƙarau.

A hoton labari da na tarihi kuwa, dokar ta bambanta. A Agustan 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya rabu da wani mai ɗaukar hoto, ya janye hotunansa duka, bayan an gano ya ƙara wa hayaƙin da ke saman birnin Beirut yawa da duhu. A gasar World Press Photo ta 2015, an fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce iyaka. Ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce: daidaita haske da launi halas ne, ƙara abu ko cire shi ba halas ba ne.

Yammacin Zamfara ya san nauyin maganar. A 2010, gubar dalma da ta fito daga niƙan duwatsun zinare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, ta kashe yara kimanin 400. Ƙurar da ke tashi a wuraren niƙa ita ce labarin kanta, kuma hoton da aka share masa ita don sama ya yi kyau ya share shaida. Haka hoton ambaliyar da ta auka wa Gummi a Agustan 2024: saman da ya kawo ruwan shi ne ya kamata ya zauna a kansa.

Hazo ma ba aibi ba ne a kullum. Yana tausasa haske, ya jera bishiyoyi sahu-sahu, na kusa da duhu na nesa suna dusashewa, ya ba hoto zurfin da ranar garau ba ta bayarwa. Mai hoton da ya gane haka yakan rage rabon sama a cikin hoton, ya bar launin tokar yadda yake, ya nemi garke, rumbu ko giginya ya sa a gaba. Ma'aunin gyara nagari ɗaya ne: mutumin da ya tsaya a wurin a wannan rana ya kalli hoton ya ce haka yake. Saman da kyamara ta ƙone shi ake ceto, saman da hunturu ya faranta kuwa barin sa ake yi.